Musuluntar Maman Tracy

Lokacin da Hajja Huseina ta tare a gidanta na hanyar Namtari, babu unguwa a wurin. Gonakin dawa ne, sai eriyar waya guda ɗaya da maigadinta, sai wasu gidaje huɗu da ba a gama ba. Mijinta ne ya sayi filin, ya ɗora ɗakuna uku, ya rasu bai yi rufi ba. Da ta fita takaba ta sa aka buga kwano, ta kwashe tukwanenta daga cikin garin Yola ta koma can. Yayanta Ɗanburam ya ce 'yar Modibbo Lado ba ta zama a daji ita kaɗai kamar mai gadin gona. Ta ce masa ta ji, ta tafi abinta.

A cikin Yola ba a tambayar wace ce Huseina. Mahaifinta ya karantar da rabin dattawan unguwarsu. Ita ma a zaurensa ta yi sauka tana 'yar shekara goma sha ɗaya, daga nan ta ci gaba da sauraron darasin manya daga bayan asabari har aka yi mata aure. Ta je Makka sau ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba. Sana'arta girkin taro: suna, biki, walima, duk inda za a ciyar da mutum ɗari, ita ake kira da manyan tukwanenta.

Shekararta uku a sabon gidan, sai 'yan bindiga suka ci Michika, suka ci Mubi, mutane suka kwararo Yola da Jimeta a ƙafa da bayan manyan motoci. Wata safiya ta fito zubar da toka, ta ga wata mata zaune a jikin katangar eriya, ƙafafunta sun kumbura, da jaririya a cinyarta. Sunanta Keturah, daga wani ƙauye na bayan Michika. Huseina ta ce ta shigo ta huta kwana biyu. Kwana biyun nan ne suka zama shekara goma.

Keturah ta samu aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Jimeta, tana fita da sassafe ta dawo da yamma. Jaririyar, Tracy, a bayan Huseina ta girma. Da ita ake zuwa kasuwa, da ita ake zuwa niƙa, da ita ake tuƙa tuwon biki. Duk wanda ya sauka a unguwar a shekarun nan, abin da ya fara gani shi ne wata doguwar mata fara da yarinya a goye, sai ya kira ta Maman Tracy. Ita kuwa ta amsa, don sunan yana yi mata daɗi fiye da yadda za ta iya faɗa.

Unguwar kuwa ta tashi kamar ana hura ta. 'Yan gudun hijira suka sayi filaye suka zauna, ma'aikatan da haya ta koro daga unguwannin Ajiya da Gwadabawa suka biyo baya. Aka sa mata suna Bayan Eriya. Mutanen gidaje huɗun farko duk suka sayar suka ƙara gaba. Ƙaramin masallacin kwano da aka fara da shi ya haifi na biyu a kan rigimar saki da ƙabalu, na biyun ya haifi na uku a kan rigimar da har yau ba wanda ya iya bayaninta, na ukun ya yi ƙarfi ya ɗora hawa biyu, aka riƙa ce masa Masallacin Bene. Coci ma haka. Wadda mutanen Michika suka zo da ita daga gida tana nan a ƙarƙashin rumfa da bencina takwas, amma matasa sun watse zuwa sababbi masu ganga da lasifika. Keturah kanta ta bi ayari ta koma cocin Fasto Apollos, wadda ta fi kowace cika. A Bayan Eriya mutum yakan sauya wurin ibada kafin ya sauya fentin gidansa, kuma ba wanda ya san uban wani balle ya yi masa gori.

Huseina ba ta sauya komai ba. A ɗaki take sallarta, a ɗaki take lazimi da wazifarta. Idan sallah ta zo, tun jajibiri take tafiya gidansu a Yola. Ba ta sa hijabi mai ɗinki, mayafi take yafawa irin na iyayenta. Ranar Lahadi kuwa, idan ana bikin godiya ko aure a cocin Fasto Apollos, ita ke dafa musu shinkafa. Ana ganinta tana sauke kuloli daga keke a ƙofar coci, matan zumunta suna rungume ta suna “Mama, sannu da zuwa.”

Wata Asabar da hantsi tana zaune a ƙofar gida tana yanka albasa, wani saurayi mai ɗan gemu da wando ɗangalalle ya tsaya a gabanta. Bai yi sallama ba, abin da ta fara lura da shi ke nan.

“Barka da aiki, Mama,” ya ce, ya ɗan rusuna. “Sunana Abdurra'uf. Ina koyarwa a firamaren can ta bakin titi, kuma ina cikin kwamitin da'awa na Masallacin Bene. Wata biyar da zuwana unguwar nan, kullum ina ganinki. Kowa na yabon halinki. Sai na ga ba daidai ba ne in bar mace kamarki haka, ban faɗa mata gaskiya ba.”

“Wace gaskiya, ɗana?”

Ya gyara murya. “Na zo in yi miki tayin Musulunci.”

Wuƙa ta tsaya a cikin albasa. Abin da ya fara zuwa mata fushi ne: shekara goma sha uku tana wurin nan, ita ta ba da ruwan da aka kwaɓa simintin masallacin farko, yau ga yaron da ya zo jiya yana yi mata tayin addinin ubanta. Sai kuma dariya ta taso ta danne fushin, ta cika mata ido da hawaye. Albasa ce ta rufa mata asiri. Shi kuwa da ya ga hawaye, sai fuskarsa ta yi haske.

Ta buɗe baki za ta faɗa masa. Amma yaron ya riga ya durƙusa, ya ciro 'yar takarda da ya rubuta abin da zai ce. Ta tuna rabon da wani ya zauna ya yi mata maganar addini fuska da fuska tun rasuwar Modibbo. Ta tura masa kujera da ƙafa.

“To, zauna. Yaya abin yake?”

Haka aka fara. Duk Asabar sai ya zo da hantsi, ya zauna tana aiki yana bayani. Ya koya mata cewa Allah ɗaya ne, ta ce to. Ya nuna mata alwala da buta, ta ce ashe haka ake yi. A mako na uku ta gaji da baƙi da wasali, ta ce tana da tambaya.

“In mutum yana sallah mai raka'a huɗu, ya manta zaman farko, ya miƙe tsaye sosai, sannan ya tuna ya koma ya zauna, sallarsa ta ɓaci ko tana nan? In tana nan, kafin sallama zai yi sujada ko bayanta?”

Abdurra'uf ya dube ta. “Mama, a ina kika ji wannan?”

“A rediyo.”

Ya ce zai tambayo. Ya tafi wurin limamin masallacinsu, ya dawo da amsa, ta ce to, amma in mai bin liman ne fa? Ya sake komawa. Cikin wata biyu yaron ya yi karatun da bai yi a shekara biyu ba, kuma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin wata tsohuwar Kirista da Allah ya buɗe wa ƙirji, har tana tambayoyin da ke sa liman buɗe littafi.

Huseina ba ta san labarin ya yi nisa haka ba sai ranar da mata uku suka yi sallama a gidanta, sanye da hijabai har ƙasa, ɗauke da leda. A ciki akwai hijabi ruwan toka, da darduma, da sabuwar buta. Babbarsu ta riƙe hannunta ta ce kwamiti ya tsayar da rana: Juma'a ta sama, bayan la'asar, a harabar masallaci. An yi odar rumfa da kujeru. Har an fara shawarar sunan da za a raɗa mata, wasu na son Khadijah, wasu na son Yusrah.

Da Abdurra'uf ya zo Asabar, ta ajiye ludayi ta dube shi sosai.

“Ɗana, ka saurare ni. Wasan ya isa. Ni fa Musulma ce.”

Idanunsa suka kawo ruwa. “Allahu akbar. Na sani, Mama. A zuciya kin riga kin zama. Saura ki furta a gaban jama'a.”

“Ba ka gane ba. Tun da aka haife ni nake Musulma.”

“Haka ne, Mama! Kowane jariri a kan haka ake haihuwarsa. Wa ya gaya miki wannan kuma? Rediyon?”

Ta ce masa sunanta Huseina. Ya ce ai a Adamawa suna ba ya nuna komai, shi da kansa ya yi aji ɗaya da wani Musa ɗan fasto. Ta ce bari ta ɗauko masa hotonta na Makka, ta shiga ɗaki, ta tuna hoton yana bangon falon Ɗanburam a Yola. Kafin ta fito ya tafi, yana sauri ya gaya wa liman abin da ta ce game da haihuwa.

Ranar Litinin kuma sai ga Fasto Apollos da kansa, da kwat ɗinsa a cikin wannan zafi na Yola, da mata biyu na zumunta. Ya ƙi kujera, ya tsaya a tsakar gida yana share gumi.

“Mama, mun ji wani labari da ya hana mu sukuni. Ki faɗa mini tsakani da Allah, wa ya ɓata miki rai a coci?”

“Fasto, ni ban taɓa wuce ƙofar cocinku ba. Kuloli nake saukewa in juya.”

Ya juya ya dubi matan, ya girgiza kai. “Kun ji ko? Kun ji laifinmu? Shekara nawa uwa tana zuwa, mun bar ta a ƙofa da kuloli, ba wanda ya ce mata shigo ki zauna.” Ya dawo gare ta. “Daga wannan Lahadi kujerarki tana layin gaba, kusa da matata.”

Ta ce masa ita Musulma ce. Ya ɗaga hannu ya ce kada ta yi gaggawar faɗin haka, Juma'a ba ta zo ba tukuna. Suka yi mata addu'a mai tsawo a tsaye, suka tafi.

Da suka fita ta zauna a kan turmi ta yi dariya har cikinta ya ƙulle. Tana cikin dariyar Keturah ta dawo daga aiki. Ta ajiye jakarta, ta ɗauki tukunya ta fara wankewa. Huseina ta shiga ba ta labari, tana kwaikwayon muryar fasto da ta Abdurra'uf. Keturah ba ta ɗago ba.

“Ke lafiya? Ba ki ji abin dariya ba?”

Keturah ta ajiye soso. Hausarta ba ta raba namiji da mace, kowa “ka” ne a bakinta, kuma tun ranar farko Adda take kiran Huseina, wato yaya da Fulatanci.

“Adda, na ji. Wata biyu ina ji. Na faɗa musu a coci cewa kai Musulmi ne tun asali, suka ce ina rufa maka asiri ne don ina zaune a gidanka. Yau a makaranta an tambayi Tracy ko shi ma za a sauya masa suna ranar Juma'a. Ya dawo yana kuka, kana kasuwa.”

Huseina ta daina dariya. Keturah ta ci gaba:

“Ban taɓa faɗa maka yadda baban Tracy ya mutu ba. Ka tambaye ni sau ɗaya, na ce a hanya, ka bar ni. A hanya ne. Sun tare mu a bakin wani rafi, suka ware maza. Suka ce kowa ya faɗi kalman nan. Wannan da za a ba ka lasifika ka faɗa, a yi kabbara, a ci shinkafa. Wasu sun faɗa, ban ga laifinsu ba. Shi bai faɗa ba. Ina tsaye kamar daga nan zuwa ƙofa.” Ta ɗauki soson ta ci gaba da wanki. “Na san ba addininka ba ne ya yi wannan. Shekara goma ina gani. Amma abin nan ba wasa ba ne a wurina, Adda. Kai kana da inda za ka koma ka yi dariya.”

Huseina ta dubi sauran wanke-wanken. Ta tashi ta ɗauki ɗaya tukunyar, ta tsuguna kusa da ita tana wankewa.

Washegari ta aika wa liman saƙo ta bakin matan nan uku cewa a fasa taro. Amsa ta dawo cewa kada ta ji tsoro, an san ana matsa mata, jama'a na bayanta. Ta je da kanta gidan Abdurra'uf, aka ce ya tafi Jimeta karɓo lasifika. Ta gane cewa maganar da aka ƙi ji a tsakar gida, sai dai a faɗe ta a inda aka tara kujeru.

Ranar Juma'a da azahar wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan da ƙarfi. Ɗanburam ne, da babbar riga da sanda, shekara saba'in da biyu, rabonsa da Bayan Eriya tun ana noma dawa. Jibrilla mai keke, wanda ke ɗaukar mata kuloli, shi ya kai labari kasuwar Yola, daga kasuwa ya shiga masallacin unguwarsu. Bai amsa gaisuwarta ba. Da Fulatanci ya fara, kamar yadda suke yi in magana ta yi zafi.

“Huseina, an ce yau za ki musulunta.”

“Hamma, ka zauna in yi maka bayani.”

“Ba zan zauna ba. Abu ɗaya na zo tambaya. Yaushe kika fita, da za ki shiga?”

Ta ba shi labari tun daga albasa. Yana ji yana buga sanda a ƙasa. Da ta kai wurin tambayar zaman farko, gefen bakinsa ya motsa, ya yi sauri ya gyara fuska.

“Yaron ya san amsa?”

“Sai da ya tambayo.”

“Kin ga abin da nake faɗa. Unguwar da ba a san uban kowa ba.” Ya gyara hula. “Tashi mu je. Ni zan gaya musu ko 'yar wace ce ke.”

“Ni zan faɗa, Hamma. Ni na ɓata.”

Harabar Masallacin Bene ta cika. Rumfa biyu, maza a dama, mata a hagu, yara a kan katanga. A can tsallaken titi wasu 'yan cocin Fasto Apollos sun tsaya a inuwar shago suna kallo kamar masu rakiyar gawa. Da Huseina ta shigo da mayafinta aka ɗauki kabbara. Abdurra'uf yana gaba cikin sabuwar shadda, yana murmushi har kunne.

Liman ya yi gajeriyar nasiha a kan yadda shiriya ke zuwa wa wanda Allah ya so ko da a ƙarshen rayuwa. Sannan ya sa aka miƙa mata abin magana, ya ce, “Mama, ki faɗi abin da zan faɗa, a hankali, kada ki damu in harshenki ya karye.”

Ba ta jira shi ba. Ta yi basmala, ta yi salati, ta kawo kalmar shahada cikakkiya, kowane harafi daga mafitarsa, da irin karatun zauren da ba a jinsa yanzu sai wurin tsofaffi. Kabbarar da aka shirya ta fito rabi ta tsaya.

“Jama'a, ku yi haƙuri,” ta ce da Hausa. “Sunana Huseina, 'yar Modibbo Lado na cikin Yola. Wannan da ke tsaye da sanda yayana ne. Kalmar nan a kunnena aka faɗe ta ranar da aka haife ni, ban kuma ajiye ta ba ko yini ɗaya. Na zo wurin nan ba kowa sai eriya. Tracy 'yar ƙanwata Keturah ce, su Kirista ne, gida ɗaya muke, tukunya ɗaya. Yaron nan Abdurra'uf ya zo mini da zuciya ɗaya, ni ce ban faɗa masa gaskiya da wuri ba. Laifina ne, ba nasa ba. Ku yafe mini, shi ma ya yafe mini.”

Wani tsoho daga layin baya ya miƙe ya ce, “Modibbo Lado na bakin kasuwa? Ai a wurinsa malaminmu ya yi karatu!” Aka fara gunaguni, wasu na dariya a cikin hannun riga. Liman, mutum ne mai saurin gyara zama, ya karɓi abin magana ya ce alhamdu lillahi, an zo neman 'yar'uwa ɗaya sai aka tarar da ma tana cikin gida, wannan ma abin godiya ne, kuma shinkafa ta riga ta dahu.

Da an tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma Ɗanburam bai zo tun daga Yola don ya yi shiru ba. Ya matso ya karɓe abin maganar.

“Ku ƙara da wannan,” ya ce. “Ba Musulma kawai ba. Shekara arba'in tana riƙe da wuridin ɗariƙa, daga hannun mahaifinmu ta karɓa. Ba ta taɓa fashin wazifa ba. Duk maulidin da ake yi a gidanmu, ita ke dafa abincinsa.”

Masallacin Bene dai a kan yaƙi da waɗannan abubuwa ya yi suna. Matar da ta kawo mata hijabi, wadda ke riƙe da hannunta, ta sake shi a hankali. Wani daga cikin kwamiti ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, “Da ma Kiristar ce, da aikin ya fi sauƙi.”

An ci shinkafar duk da haka, don ba a zubar da abinci.

Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi sosai ba. Cocin Fasto Apollos ta daina ba ta girki har wata uku. A wa'azinsa na Lahadin nan ya ce an sace musu uwa da rana tsaka, kuma ko da aka yi masa bayani bai janye ba. Keturah tana zaune a layi na biyar ta ji wannan. Ba ta yi gardama da kowa ba, Lahadi ta gaba ta ɗauki Tracy suka koma tsohuwar cocin rumfa mai bencina takwas, inda ake waƙa da harshen garinsu. Matan Masallacin Bene suka riƙa gaishe da Huseina daga nesa. Abdurra'uf ya sha tsiya wurin abokansa, har suna kiransa mai musuluntar da Musulmi. Bayan wata biyu ya bar kwamitin, ya koma wani sabon masallaci da aka buɗe a ƙarshen unguwa. Cikin dukan waɗanda abin ya shafa, Huseina kaɗai ce ta ƙare a inda ta fara.

Ya zo gidanta sau ɗaya kafin ya bar kwamitin. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

“Mama, me ya sa ba ki kore ni ba tun ranar farko?”

“Na ji daɗin zuwanka ne, ɗana. Ba hujja ba ce, amma ita ce gaskiya.”

Ya jinjina kai. Can ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu, ya ajiye a gefen tabarma, ya ce a kan bidi'a yake magana, in ta samu lokaci. Ta ce ta gode. Ta zuba masa masa da miya, ya ci, ya yi mata sallama ya tafi.

Ɗanburam ya yi ta aiko mata cewa ta dawo Yola, an gyara mata ɗakin mahaifiyarsu. Ta ce a gaishe shi.

Tsakaninta da Keturah kuwa, an ɗauki makonni ana gaisuwa da maganar cefane kawai. Huseina ba ta matsa ba. Sai wata rana cikin Disamba, suna tsince shinkafa a faranti ɗaya, Keturah ta ce ba tare da ta ɗago ba:

“An ce hanya ya yi kyau yanzu. Ina so in kai Tracy ya ga wurin da aka sa babansa. Mutanen ƙauyen sun san wurin, sun jera duwatsu.”

“Yaushe?”

“Bayan Kirsimeti. Kwana uku.” Ta ture wata tsakuwa gefe. “Ban san ko zan iya tsayawa a wurin ni kaɗai ba.”

Huseina ta ce tana da girkin suna a ranar ashirin da bakwai, amma za ta ba wata. Ranar da za su tafi, Jibrilla ya kai su tashar mota a Jimeta da safe. Huseina ta soya kaza biyu ta ƙulle a leda, ta ɗauki dardumarta da buta. Motar ta daɗe ba ta cika ba, suka zauna a kujerar baya su uku, Tracy a tsakiya tana cin gyaɗa, har direba ya samu mutum biyun da suka rage.